Koyar da Ma'aikatan Jinya Aikin Sassan Jiki: Darasi Daga Illela

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi arewa, ya wuce Kware da Gwadabawa, bayan tafiyar kimanin kilomita 85 zai iske kansa a Illela, gari na ƙarshe kafin a tsallaka zuwa Birnin Ƙonni cikin Jamhuriyar Nijar. Illela garin kasuwa ne. Ran Lahadi fatake kan taru daga ƙasashen biyu da dabbobi da hatsi da albasa. Da bazara zafin rana yakan haura digiri 40, da damina kuma ruwan sha yakan gurɓata, gudawa ta yawaita. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gari, sai a ɗauki majinyaci zuwa Sakkwato, tafiyar da kan ci sa'a guda ko fiye. Saboda haka, hukuncin da ma'aikacin jinya ya yanke a rabin sa'ar farko yana iya zama shi ne zai raba gardama tsakanin rai da ajali.

Mu ƙaddara cewa da tsakar dare an kawo wani matashi ɗan dako, yana ta amai da gudawa tun la'asar. Nas ta farko ta auna matsin jininsa, ta ga 110 bisa 70, ta ce da sauƙi, ta rubuta a takarda, ta wuce gado na gaba. Nas ta biyu ita ma ta ga wannan awo, amma da ta riƙe wuyan hannunsa sai ta ji jijiya na bugawa sau 124 a minti guda, bugun kuma siriri ne. Tafin hannunsa ya yi sanyi, idanu sun faɗa, numfashi ya yi sauri. Ta tambayi ɗan'uwansa, ya ce rabonsa da fitsari tun azahar. Nan take ta ɗaura masa ƙarin ruwa, ta aika a kira likita. Kayan aikinsu iri ɗaya ne, tausayinsu ma ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne ta biyun ta san dalilin da ya sa jijiya ke gudu alhali awon jini bai sauka ba. Wannan maƙala tana magana ne a kan yadda za a koyar da wannan sani.

Mene Ne Ilimin Aikin Sassan Jiki?

Ɗaliban bayoloji sun san cewa nazarin jikin ɗan Adam ya kasu gida biyu. Akwai ilimin ƙirar jiki, mai bayyana inda zuciya da huhu da ƙoda suke da kuma siffarsu. Akwai kuma ilimin aikin sassan jiki, wato fiziyoloji, mai bayyana abin da kowane sashe ke yi da yadda sassan ke taimakon juna domin jiki ya zauna daidai: zafinsa kusa da digiri 37, ruwansa da gishirinsa da sukarinsa kowanne a kan ƙa'ida.

A Nijeriya, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka kafa da doka a 1979, ita ke tsara manhajar makarantun jinya, kuma waɗannan darussa biyu suna cikin abin da ɗalibi ke fara cin karo da shi. A jihar Sakkwato ana horar da ma'aikatan jinya a Kwalejin Kimiyyar Jinya ta jiha da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta, ana kuma horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko a Kwalejin Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa. Darasin kam yana nan cikin manhaja. Matsalar da malamai suka daɗe suna kuka da ita, a nan gida da ƙasashen waje, ita ce ɗalibi kan haddace shi a shekarar farko, ya ci jarrabawa, amma lokacin da zai tsaya gaban majinyaci ya riga ya manta. A shekarun da na yi ina koyarwa na sha ganin ɗalibin da zai zana hoton ƙoda babu kuskure, amma ya kasa faɗin dalilin da ya sa fitsarin mai azumi ke raguwa ya yi ja.

Yadda Jiki Ke Ɓoye Hatsari

Bari mu koma kan ɗan dakon nan. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin namiji baligi ruwa ne, na jariri kuwa yakan kai kashi 75. Mutum mai nauyin kilo 70 yana da jini kamar lita 5. Zuciya tana bugawa kusan sau 70 a minti, kowane bugu tana tura mililita 70, wato kusan dukkan jinin jiki ke nan yake zagayawa a minti guda.

Ƙwayar cutar kwalara tana fitar da dafi wanda ke sa bangon hanji ya riƙa kwararo gishiri zuwa cikin hanji, ruwa kuma ya bi gishirin. Idan cutar ta yi tsanani, baligi na iya zubar da lita guda a sa'a guda. Ruwan jini ya ragu ke nan, kowane bugu na zuciya ya tura kaɗan. Akwai wasu jijiyoyi a wuya da kusa da zuciya masu lura da matsin jini, wato ƙarfin da jini ke danna bangon jijiya, wanda idan ya yi yawa muke kira hawan jini. Da zarar sun ji matsin zai sauka, sai su sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarni uku. Zuciya ta ƙara sauri, shi ya sa jijiya ke gudu. Ƙananan jijiyoyin fata da hannuwa da ƙafafu su tsuke, a karkata jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, shi ya sa tafin hannu ke sanyi. Ƙoda kuma ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsari ke ɗaukewa. Saurin numfashi kuwa ƙoƙarin huhu ne na rage tsamin da ya taru a jini.

Da wannan dabara jiki kan riƙe matsin jini yadda yake na wani lokaci. Matashi mai ƙarfi na iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin awon ya sauka sosai, yaro ƙarami ma ya fi haka jurewa. To amma idan dabarar ta ƙare, faɗuwar takan zo gaba ɗaya, kamar ginin ƙasa da ruwa ya daɗe yana cin gindinsa. Ashe ke nan saukar matsin jini alama ce mai zuwa a makare. Nas ɗin da ke jiran ta kafin ta motsa ta bar lokaci mafi daraja ya wuce.

Wannan ba tatsuniya ba ce a ƙasarmu. A 2021 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta ƙidaya mutane fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa. Kwalara mai tsanani idan ba a yi magani ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, amma idan an mayar da ruwa a kan kari, waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin 100 ba.

Sirrin Ruwan Gishiri da Sukari

Kusan kowace uwa ta san ruwan gishiri da sukari, wanda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yaɗa a Nijeriya lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Amma mutum nawa suka san dalilin da ya sa ake haɗa su biyu? A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa wadda sinadarin sodiyam na cikin gishiri da sukarin gulukos ke shiga tare, ɗaya ba ya wucewa ta nan sai da ɗan'uwansa. Idan sun shiga, ruwa ya bi su. Dafin kwalara bai taɓa wannan ƙofa ba, saboda haka hanji na iya shan ruwa ko da gudawa ba ta tsaya ba.

An ga amfanin wannan sani a wani garin kan iyaka irin Illela, wato Bangaon da ke tsakanin Indiya da Bangaladash. A lokacin yaƙin 1971 kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira, ruwan ƙari ya ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari ana ba majinyata. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Ga inda fahimta ke tsare rai. Ƙunshin da ake sayarwa a kantin magani an auna shi ne domin lita guda ta ruwa mai tsabta. Idan babu shi, ma'aunin gida shi ne cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita guda. Idan uwa ta zuba ƙunshin a ƙaramin kofi don ya fi ƙarfi, ko ta ƙara sukari don yaro ya ji daɗi, ruwan ya yi kauri ke nan, zai janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawa ta ƙaru. Gishiri mai yawa kuma na iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro har ya yi jijjiga. Nas ɗin da ta san wannan dalili za ta zauna ta nuna wa uwa yadda ake damawa, maimakon ta miƙa mata ƙunshi kawai.

Ƙarin Ruwa Ma Yana da Iyaka

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda ya galabaita maganinsa ledar ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara cewa yaron da gudawa ta busar da shi ƙwarai a ba shi mililita 100 ga kowane kilo na nauyinsa ta jijiya. Yaro ɗan shekara biyu mai kilo 10 zai sami lita guda ke nan: mililita 300 a rabin sa'ar farko, sauran 700 a sa'a biyu da rabi. Amma idan yaron yana da tamowa mai tsanani, wannan tsari na iya halaka shi, domin naman zuciyarsa ya raunana, ba za ta iya tura ruwa mai yawa ba, sai ruwan ya taru a huhu. Irin wannan yaro akan ba shi ruwa na musamman ta baki, kaɗan-kaɗan, ana ƙirga numfashinsa da bugun jijiyarsa. Tun da tamowa ta yawaita a yankinmu, musamman kafin kaka, wajibi ne ma'aikacin jinya ya iya bambance yaran nan biyu.

Akwai kuma darasin tawali'u. A 2011 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a Kenya da Uganda da Tanzaniya a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani, waɗanda ba gudawa ce ke damunsu ba. Kowa ya zaci tura musu ruwa da sauri zai taimaka. Sai aka ga cikin kwana biyu kimanin kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka tura wa ruwan sun rasu, waɗanda ba a tura wa ba kuwa kashi 7.3. Wannan ya nuna cewa dole a koya wa ɗalibi dalilai, a kuma koya masa cewa duk dalili sai an gwada shi da bincike.

Hanyoyi Biyar na Koyarwa

Hanya ta farko ita ce farawa da majinyaci. Maimakon malami ya buɗe lacca da sunayen sassan zuciya, sai ya kawo labarin ɗan dakon nan, ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya tambaye su: me ya sa hannunsa ya yi sanyi? Ina fitsarinsa ya tafi? Su je su bincika, su dawo su yi bayani. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta shahara da wannan tsari tun 1969. Sharaɗin shi ne labaran su kasance na gida: amai da gudawa, zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, saran maciji, bugun zafin rana, zubar jini bayan haihuwa.

Hanya ta biyu ita ce awo a jikin ɗalibi kansa, domin gani ya kori ji. Kowane ɗalibi ya ƙirga bugun jijiyar abokinsa yana kwance, sannan da zarar ya miƙe tsaye, sannan bayan ya zagaya fili da gudu. A danna farce na daƙiƙa biyar a saki, a ga yadda jini ke dawowa cikin daƙiƙa biyu. Idan ya wuce uku a jikin majinyaci, alamar hatsari ce. A ƙirga numfashi na minti guda cikakke, a san cewa na baligi 12 zuwa 20 ne, yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar kuwa idan ya kai 40 ya yi sauri. Duk wannan ba ya buƙatar komai sai agogo.

Hanya ta uku ita ce kwaikwayo kafin a taɓa mai rai. Tun 1960 aka ƙera mutum-mutumin koyon farfaɗo da numfashi a Norwe, kuma a yau akwai masu tsada da ke numfashi da magana. Inda babu kuɗin su, wani ɗalibi na iya kwantawa a matsayin majinyaci, malami yana faɗin awo yana canza shi, sauran suna yanke hukunci. Ana iya zuba rabin lita na ruwa mai jan launi a kan zane, a sa ɗalibai su kintaci yawansa. An san cewa ido kan rage yawan jinin da ya zuba. Mai ciki jininta kan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, don haka takan daɗe tana zubar da jini ba tare da awonta ya sauka ba. A 2023 aka wallafa binciken da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ta jagoranta a ɓangaren Nijeriya. An shimfiɗa wa masu haihuwa leda mai ma'auni domin a ga yawan jini da wuri, aka kuma ba da magunguna a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Zubar jini mai tsanani da abin da kan biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100.

Hanya ta huɗu ita ce amfani da harshen gida. Karatun jinya da Turanci ake yin sa a Nijeriya, da Faransanci kuma a Nijar, amma majinyacin Illela da na Ƙonni da Hausa suke kokawa. Bayan kowane darasi ya kamata ɗalibi ya tashi ya bayyana shi da Hausa, kamar yana yi wa kakarsa bayani. Wanda ya haddace kalmomi kawai nan take zai kakare. Daɗin daɗawa, zai saba da kalmomin da iyaye ke kawo ƙara da su, irin su faɗawar maɗiga, wadda a wurin jariri mai gudawa alama ce ta ƙarancin ruwa.

Hanya ta biyar ita ce tishi a kai a kai. Tun 1885 masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa yawancin abin da aka haddace yakan zube cikin 'yan kwanaki idan ba a waiwaye shi ba. Almajiran makarantar allo sun riga kowa sanin haka. Saboda haka bai kamata darasin ya ƙare a shekarar farko ba. A ɗakin majinyata, duk lokacin da ɗalibi ya rubuta awo, mai kula da shi ya tambaye shi ma'anarsa da kuma yadda ya bambanta da na sa'a biyu da suka wuce. A Ingila, tun 2012, Kwalejin Likitoci ta Landan ta fito da takardar da ke ba numfashi da bugun jijiya da matsin jini da zafin jiki da iskar oksijin da hayyacin majinyaci maki. Idan jimla ta kai wani adadi, dole a kira likita. Takarda ce mai amfani, amma sai a hannun wanda ya ƙirga numfashin da gaske, ya kuma san abin da lambobin ke faɗi.

Shin Ilimin Nas Na Rage Mutuwa?

Akwai hujja. A 2014 Farfesa Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa nazarin majinyata fiye da 420,000 da aka yi wa tiyata a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara. Sun gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan jinya masu digiri a asibiti yana tafiya da raguwar yiwuwar mutuwa da kashi 7 cikin 100. Sun kuma gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan aikinta yana ƙara yiwuwar mutuwa da kashi 7. Sakamako na biyun nan gargaɗi ne ga hukumomi. Komai ilimin nas, idan ita kaɗai aka bari da gadaje masu yawa, ko babu ledar ruwa da motar ɗaukar majinyaci, iliminta ba zai isa ba.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ma'aikatan jinya na gobe suna zaune yau a ajin bayoloji na makarantun sakandare na Illela da Gwadabawa da Sakkwato. Ga malamai, shawarata ita ce duk lokacin da aka zo darasin zagayawar jini ko numfashi ko ƙoda, a ware minti goma ɗalibai su auna juna, a kuma rufe darasin da tambaya guda mai farawa da "me ya sa". Darasin ratsawar ruwa ta tantani, wanda akan gwada da dankali da ruwan gishiri, a haɗa shi da dama ruwan gishiri da sukari a gaban aji. Ga ɗalibai kuwa, musamman masu sha'awar aikin jinya, ku fara tun yau: ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannunku, ku ƙirga na minti guda, ku rubuta. Ku sake ƙirgawa bayan kun dawo daga ɗibar ruwa da tsakar rana, sannan ku nemi dalilin bambancin. Wata rana, a wani asibitin kan iyaka da tsakar dare, wannan tambaya ce za ta sa ku tsaya a gaban gadon da wani zai wuce.